Taƙaitawar shawarwari kan matatar ruwa mai zaruruwa masu rami

A tattaunawar da wasu mazauna Kaduna suka yi kan ruwan sha, an fi tsayawa a kan matatar da ke ɗauke da ɗaruruwan siraran zaruruwa masu rami kamar tsinken shan lemo. Jikin kowane zare cike yake da ƙofofi, waɗanda a matatu da dama faɗinsu maikron 0.1 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Ruwa yana ratsawa, amma ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki suna maƙalewa domin sun fi ƙofofin girma.

Gargaɗin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne cewa bairas, kamar mai haddasa ciwon hanta nau'in A, yana iya wucewa, don haka a tafasa ruwan ko a sa masa kilorin bayan tacewa. Gishiri da dalma da maganin feshi da suka narke a ruwa su ma suna wucewa.

Da damina, idan ruwan rijiya ko na Kogin Kaduna ya yi laka, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle, kuma a riƙa tura ruwa mai tsabta ta baya da sirinji domin buɗe ƙofofin da suka toshe. Matatar da ta faɗi da ƙarfi a sauya ta, saboda tsagewar zare ba ta ganuwa da ido.