Ruwan rufin sabon gareji: ku ina kuka kai naku?

Baban Yara, Kano:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na yi wa mota gareji a tsakar gida, mita 6 a 4, sai kafinta ya karkata kwanon bayan katanga, gefen maƙwabci. Ruwan farko kawai aka yi, sai ga ɗansa da sallama, wai ruwana yana cin gindin ɗakinsu. Ina son in gyara kafin Agusta. Wanda ya taɓa yi, ya ba mu labari.

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam Alhaji. Fara da lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce. Rufinka murabba'in mita 24 ne, to idan aka sheƙa milimita 40 cikin dare, lita 960 ke nan a gindin katangar bawan Allah. A ɗaura gata, wato kwararon da ke tare ruwan rufi, a bakin kwanon, a ɗan karkata ta wajen indararo, a sauko da bututun roba. Ni inci 4 nake sa wa mutane. Inci 3 ma yana ɗauka, amma in akwai darbejiya kusa, ganye zai cushe shi, ruwa ya riƙa ambaliya ta saman gata kamar ba a yi aikin ba. Ka sa raga a bakin bututun.

Hajiya, Damagaram:
Mu nan ba ma barin ruwan sama ya tafi a banza. Tanki na ajiye ƙarƙashin indararon, da shi muke wanki da ban ruwan zogale. Sai dai ruwan farko kada ka tara, ƙurar rani ce da kashin tantabaru, jawur yake fitowa. Kuma a rufe tankin ruf, in ba haka ba sauro ya sami gidan haihuwa. Tanki yana cika fa, Alhaji, ka yi masa bututun da rarar za ta bi.

Malam, Kaduna:
Ni rami na haƙa na cika da tsakuwa, wai ƙasa ta shanye. Ƙasarmu laka ce, ta ƙi sha. Kwana biyu ana malka, ramin ya zama kududdufi, kwaɗi suka hana mu barci. A jigawa ne abin yake yi. Kuma a haƙa shi nesa da fandisho, nesa da masai.

Baban Yara, Kano:
Na gode ƙwarai. Lambatun layinmu leda ta toshe shi, kai ruwa can wata rigimar ce da mai unguwa. Tankin Hajiya zan bi, rarar kuma ta gangara wajen bishiyar mangwaro. Baba magini, gatar roba ko ta ƙarfe, wacce ta fi jure ranar Kano?

Tsohon Magini:
Ta alminiyom, ba ta tsatsa. Roba mai araha rana tana gasa ta har ta tsage. Kuma ka leƙa wajen maƙwabcin tun yau, ka ce masa an kira mai aiki.