Ibrananci ya tsaye mini a wuya: in maimaita ko in sauya sashe?

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Kaina ya kulle. Ina digiri na biyu a fannin bayanin Littafi Mai Tsarki a wata makarantar tauhidi. Mahaifina mai bishara ne, a kan keke ya yi ta zaga ƙauyuka da tsohon Littafin nan na 1932 da su Dokta Miller suka fassara, bangonsa har ya rabu, mahaifiyata ta ɗinke da zare. Burinsa ɗaya kafin ya rasu, ɗansa ya karanta Maganar Allah a harshen da aka rubuta ta. Girkanci ina lallaɓawa, ina karanta 1 Yohanna da ƙamus a gefe. Amma na faɗi jarrabawar Ibrananci. Haruffa 22 ba su dame ni ba, aikatau ne. Qal, wato siffar aikatau mafi sauƙi, na gane, da muka shiga sauran siffofin irin su Nifal da Hifil sai komai ya cakuɗe. An ce in maimaita, ko in koma sashen aikin kiwon ikkilisiya inda ba a tilasta harsunan. Ya zan yi?

Rabaran mai ritaya: Ɗana, ka maimaita. Babu wata magana. Littattafai 39 na Tsohon Alkawari da Ibrananci suke, in ka cire ɗan Aramayancin da ke cikin Daniyel da Ezra. Ka bar su, da me za ka yi bayani? Ka ajiye jadawalin aikatau tukuna, ka ɗauki Yunusa, sura huɗu ce kawai. Aya biyu kowace asuba, da ƙarfi, kunnenka yana ji. In ka gama ka shiga Rut. Awa nawa kake ba shi a rana?

Mai tambaya: Baba, ba lalaci ba ne. Ina da ikkilisiya a hannuna, ga jana'iza, ga ziyarar marasa lafiya.

Matar fasto: Ni dai tambayata, matarka ta yarda? Maigidana da ya tafi irin wannan karatu majalisar ikkilisiya ta yi alkawarin kuɗin makaranta, zango ɗaya suka biya suka yi shiru. Masarata na sayar, akuyoyina ma. Da ya dawo, ƙauyen da ya bari nan aka mayar da shi. Har yau ba wanda ya ce mini sannu.

Wani ɗalibi: Yallaɓai ka sauya kawai. Yanzu akwai manhajoji a waya, ka taɓa kalma ta nuna maka tushenta da siffarta. Jama'arka ta'aziyya suke nema.

Rabaran mai ritaya: Manhaja za ta gaya maka Hifil ne, ba za ta gaya maka abin da yake yi a cikin ayar ba. Irin haka ne muke jin masu wa'azi suna jefa kalmar Girkanci a bagade don a ce sun yi karatu, kuma ba daidai ba. Yana ba ni baƙin ciki ƙwarai.

Malama mai aikin fassara a Jos: Ɗan'uwa, in kana da maƙwabci mai ilimin Larabci ka zauna da shi. Tushen baƙaƙe uku da yadda ake juya aikatau sun yi kama sosai, ni haka na gane. Amma ba ka faɗa mana ba, wa ke biya maka, kuma kundinka a kan wane Alkawari zai kasance? In Sabo ne, lissafin daban ne.

Mai tambaya: Na gode Malama. A kan Ishaya nake so in rubuta, tun farko shi na zaɓa kuma ba zan canza ba. Mama, maganar gida kuma mun san yadda muke yi.

Wani ɗalibi: Ishaya? Waƙa ce mai nauyi fa, ko waɗanda suka ci jarrabawar suna shan wuya da ita.

Rabaran mai ritaya: Yunusa tukuna. Kuma har yanzu ba ka amsa mini ba, awa nawa?

Mai tambaya: Baba, in na maimaita shekara guda ce za ta ƙaru, kuma ranar Juma'a ake rufe rajista.