Rufi yana yoyo bayan dusar ƙanƙara alhali ba a yi ruwan sama ba: ina matsalar take?

Ɗan unguwar Zariya, Maradi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana aikin rufi, musamman 'yan uwanmu mazauna ƙasashen sanyi. Ƙanena yana zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, gari mai zafi wanda ba kasafai dusar ƙanƙara ke sauka a cikinsa ba, amma ta sauka a ranar 21 ga Janairun 2025, kamar yadda ta yi a Fabrairun 2021. Bayan ta lafa, sai ruwa ya fara ɗiga a ɗakin yaransa, daidai inda silin ya haɗu da bangon waje, har fenti ya kumbura, alhali sama garau take. Da ƙanƙarar ta gama narkewa yoyon ya tsaya da kansa, kuma duk ruwan saman da aka tafka daga baya bai sake shiga ɗakin ba. Ta yaya rufin da ke jure mamakon ruwa zai gaza a gaban ƙanƙarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba? Kuma me ya kamata ya yi kafin wani sanyin ya zo?

Tsohon kafinta, unguwar Mokoyo, Maradi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da aikin rufi ya koya mana a nan shi ne, ruwa ba ya shiga ɗaki sai ya rasa hanyar fita. Ka dubi soro a watan Agusta: idan leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo, ruwa zai kwanta a sama ya jiƙa ƙasar har ya biyo azara, alhali babu tsaga ko ɗaya a jikin soron. Saboda haka a bakin rufin zai nemi abin da ya tare ruwan, ba a tsakiya ba. Shawarata ita ce, idan ta sake sauka ya sa tsani ya fasa ƙanƙarar da guduma, ya watsa gishiri, in wuri ya bushe kuma ya shafa kwalta inda yake zato.

'Yar Maradi mazauniyar Kanada:

Baba kafinta ya gano cutar, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini afuwa, maganin da ya bayar zai iya jawo ɓarnar da ta fi yoyon.

Ga yadda abin yake faruwa, Yaya. Yawancin gidajen can da ƙananan fale-falen kwalta ake rufe su, a jera ɗaya bisa ɗaya, kuma an yi su ne don ruwan da ke gangarowa, ba don ruwan da ya tsaya ba. Idan dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufi, mutanen gida kuma suka kunna na'urar ɗumama ɗaki, zafin yana ratsa silin ya taru a sararin da ke tsakanin silin da rufi, sai ya narkar da ƙanƙarar daga ƙarƙashinta. Ruwan yana gangarowa har ya iso leɓen rufi, wato ɓangaren da ya zarce bango, inda babu ɗumin ɗaki a ƙasansa, a nan sai ya sake daskarewa. Sannu a hankali ƙanƙarar ta zama kunya irin ta gona a bakin rufin, ruwan da ke biyowa ya taru a bayanta, ya koma sama ta ƙarƙashin fale-falen, ya bi ramukan ƙusa ya sauka kan silin. Shi ya sa ɗigar take kusa da bangon waje, shi ya sa kuma ruwan sama bai taɓa tona ta ba.

Gidajen wurare masu zafi sun fi shiga wannan hali idan abin ya zo, saboda ba da shi aka gina su ba. A yankunan da aka saba da sanyi, ƙa'idar gini tana tilasta a shimfiɗa wata roba mai manne kanta a ƙarƙashin fale-falen, daga bakin rufi har ta wuce layin bangon waje da aƙalla santimita 60, kuma tana kama jikin ƙusa ta hana ruwa wucewa. A kudancin Amurka galibi ba a buƙatar ta, don haka magina ba sa sakawa. Bugu da ƙari, a can an saba ɗora bututun iskar ɗaki, wani lokaci har da tukunyar dafa ruwan wanka, a saman silin, kuma duk waɗannan suna ɗumama rufin daga ciki. Ga rana mai ƙarfi da ke narkar da ƙanƙara da azahar, dare ya yi ta sake daskarewa a magudanar bakin rufi da ganye ya cika.

Batun guduma kuwa, kwalta tana taurarewa a cikin sanyi, bugu ɗaya zai tsaga ta, kuma tsani a kan ƙasa mai santsi ya karya mutane da yawa. Gishirin miya yana cin ƙusa da magudana, yana kuma kashe shukar da ke gindin bango.

Ɗan unguwar Zariya, Maradi:

Na gode ƙwarai, ƙanwata, Allah ya saka da alheri. Ke nan sai ya kwashe rufin duka ya sake? Ina tambaya ne domin aljihunsa ba zai ɗauki wannan ba a bana.

Injiniyan gine-gine, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi:

A'a Alhaji, kada ya kwashe rufi mai lafiya saboda abin da ke zuwa jifa-jifa. Robar da Hajiya ta ambata a bar ta sai ranar da rufin ya tsufa za a sake shi, a lokacin ƙarin kuɗinta kaɗan ne.

Aikin da ya fi muhimmanci a ƙarƙashin rufin yake, kuma manufarsa ita ce rufin ya zauna da sanyi daidai da na waje, daga ƙololuwa har baki. Ya hau saman silin da tocila ya nemi duk inda iskar ɗaki ke kurɗawa: kewayen fitilun da aka nutsa a silin, inda waya da bututu suka ratsa, da murfin ƙofar hawa, wanda sau da yawa katako ne tsirara. Inda ya ga audugar tare zafi, wadda ake shimfiɗawa a saman silin, ta yi baƙi, to iska ce ke bi ta nan tana barin ƙura. A fara toshe waɗannan kafin a ƙara auduga, domin auduga ba ta tsayar da iska mai motsi. Sai dai a kula, kada ta taɓa bututun hayaƙi, kada kuma ta rufe ƙofofin iskar da ke ƙarƙashin leɓen rufi, domin ta nan sanyi ke shiga ya fita ta sama. Ya kuma tabbata bututun fankar banɗaki ya fita waje, bai tsaya a saman silin yana huci ba. Wannan aiki ba asara ba ne ko da ƙanƙara ba ta sake sauka ba, domin zai rage masa kuɗin wuta a lokacin zafi.

Kafin sanyi ya share magudana. Idan ta sauka, ya tsaya a ƙasa ya janyo ta da manjagara mai dogon hannu, kimanin mita ɗaya daga bakin rufi, yana lura da wayar lantarki. Idan kunyar ta riga ta kafu, ya cika doguwar safa da sinadarin kalsiyam kuloraid ya ɗora ta a gicciye a kanta, za ta narkar da hanyar da ruwan zai bi. Idan kuma silin ya riga ya kumbura, ya kashe wutar ɗakin, ya ajiye bokiti, ya huda kumburin da ƙusa ruwan ya sauka wuri ɗaya, daga baya ya cire audugar da ta jiƙe kafin ta yi fumfuna.