Zan gama likitanci, ina son aikin labo, Baba ya ƙi

Ɗaliba daga Maradi:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen likitanci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Raina ya kwanta da ilimin ƙwayoyin cuta, wato aikin labo, kuma ina fatan wata rana in koyar a jami'a. Baba ya ce bai sha wahalar karatuna ba don in ƙare da duba kashi da majina. Likitar mata yake so in zama. Yayyena da ke cikin harkar, da gaske akwai ci gaba a ciki?

Tsohon ma'aikacin labo:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki ga laifin Baba, mutanenmu wanda ya taɓa jikinsu kaɗai suke kira likita. Ki fahimtar da shi cewa aikin hawa biyu ne. Akwai irinmu teknisiyan, masu ɗibar jini da shafa shi a gilashi. Akwai kuma likitan da ya gama digirinsa ya ƙara shekara 4 na ƙwarewa, da yawa a Dakar ko Abidjan suke yi. Shi ke sa hannu a sakamako, shi ke gaya wa likitan ɗaki ya canza magani.

Ki ba shi misalin sanƙarau, tunda babu gidan da bai san shi ba a ƙasar nan. A 2010 aka fara allurar rigakafinsa ta MenAfriVac, nau'in A na ƙwayar cutar ya kusa ɓacewa. A 2015 sai ga annoba ta dawo, yara na zuwa wuya a sandare. Da ido ba ka rarrabewa. Ruwan da aka tsotso daga gadon bayansu ne, da aka bincika a labo irin na CERMES a Yamai, ya nuna nau'in C ne, wanda waccan allurar ba ta karewa. To wa ya yi maganin a nan?

Wata mai farmasi:
Ƙanwata, kada a yi miki daɗin baki. Kuɗin ba su kai na likitar mata mai kilinik ba, ko kusa. Kayan gwaji kan yanke, wuta ma haka, ga shukar ƙwayar cuta, wato rainonta a labo don a gane ta, tana son zafin digiri 37 na kwana ɗaya zuwa biyu ba yankewa. Amma wallahi muna bukatarku. Amoksisilin a kan tire ake tallarsa kamar goro, mutum ya sha kwana biyu ya ajiye, ƙwayoyin cuta su daina jin magani, yanzu ciwon fitsari ma sai an gwada magunguna kafin a samu mai kamawa.

Malamin jami'a:
In koyarwa kike so, ki sani hawa matsayi ta CAMES yake bi, wato hukumar ƙasashen Afirka mai tantance malaman jami'a, su kuwa binciken da kika buga a mujallu suke ƙirgawa. Ki fara gyara Ingilishinki tun yanzu. Kuma ba dole sai Faransa ba: gwajin rigakafin gudawar yara ta rotabirus da cibiyar bincike ta Epicentre ta yi, wanda aka buga a 2017, a Madarunfa, nan jihar Maradi, aka yi shi. Ki ɗauki batun kundin digirinki daga labo, ki nemi malami mai bugawa.

Ɗaliba daga Maradi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, kundin nawa kan ciwon fitsarin mata masu ciki nake tunanin yi, ko Baba zai sauko. Samfur nawa ya kamata in tara?