Yaya masu lura da yanayi suke rayuwa a kan Dutsen Washinton a lokacin sanyi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Na kalli bidiyon wani mutum a kan Dutsen Washinton da ke jihar New Hampshire ta Amurka, yana fama ya tsaya da ƙafafunsa iska tana jifa da shi, aka ce ma'aikacin tashar lura da yanayi ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a wannan zamani da na'urori suke aika bayanai da kansu, me ya sa har yanzu ake ajiye mutane a can, kuma yaya suke rayuwa?

Malam Mai Taswira:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanƙara ce ta sa dole a ajiye su. Tsayin dutsen mita 1,917 ne kacal, amma yana kan hanyar guguwa, kuma idan iska ta haura shi sai ta matsu a ƙololuwa ta ƙara gudu. Fiye da rabin kwanakin shekara hazo ne yake lulluɓe da wurin, kuma a lokacin sanyi ɗigon ruwan da ke cikin hazon yana daskarewa nan take da zarar ya taɓa ƙarfe ko bango, har farar ƙanƙara ta tsiro kamar gashin tsuntsu, tana fuskantar inda iskar take fitowa. Idan aka ƙyale ta, cikin ɗan lokaci za ta toshe ma'aunin gudun iska, ya riƙa ba da lissafin ƙarya. Shi ya sa ma'aikaci yake fita kowace awa, dare da rana, ya auna zafi da laima, ya duba nisan da ido yake iya hange, sannan ya hau hasumiya ya farfasa ƙanƙarar da sandar ƙarfe ko guduma. Tun 1932 ake wannan aiki.

Hajiya Uwar Biyu:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, bari in ƙara da batun zaman yau da kullum. Ma'aikatan rukuni biyu ne da suke karɓa-karɓa mako-mako, ana yin canji ranar Laraba, kuma a cikin makon wani yana riƙe awa 12 na rana, wani na dare. Da sanyi mota ba ta iya bin hanyar dutsen mai kimanin kilomita 12, sai dai a hau wata mai sarƙa a ƙafa irin ta katafila, idan kuwa yanayi ya ɓaci a ɗage tafiyar, waɗanda suke sama su ci gaba da haƙuri. 'Yan sa-kai ne suke yi musu girki, akwai kuma kyanwa mai suna Nimbus da take zaune tare da su tun 2021. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai aikin dare, wanda yake fita shi kaɗai da fitila a goshi, fuska rufe ruf da tabarau da ƙyalle, domin fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin mintoci kaɗan. A farkon Fabrairun 2023 sanyin ya kai digiri 44 ƙasa da sifili, wanda idan aka haɗa da iska, jiki yana jin sa kamar digiri 78 ƙasa da sifili.

Ɗan Fagge:
Na gode, Hajiya. Ashe sanyin hunturun da muke kuka da shi wasan yara ne. Shin gaskiya ne a can aka auna iska mafi gudu a duniya?

Malam Mai Taswira:
A da gaskiya ne. Ranar 12 ga Afrilun 1934 ma'aikatan sun auna iska mai gudun kilomita 372 a awa, kuma ba a wuce wannan adadi ba sai a 1996, lokacin da guguwar Olivia ta kai kilomita 408 a tsibirin Barrow na Ostireliya. Sai dai na'ura ce ta ɗauki na Barrow, alhali a 1934 mutane ne suke zaune cikin ɗakin katako da aka ɗaure da sarƙoƙi, suna auna gudun da agogo a hannu.