Farin tabo a baki da maganin da haske ke tayarwa

Da muka tattauna a fadarmu ta Birni, nan Damagaram, da wani likitan haƙori, abin da aka fi nanatawa shi ne: farin tabon da ba ya gogewa, ko jan tabo, a harshe ko cikin kunci, in ya wuce mako 2, a kai shi asibiti. Jan ya fi haɗarin rikiɗewa zuwa ciwon daji (kansa). Masu cusa taba gari da kanwa a baki su fi kowa lura.

Sai an yanki ɗan nama an auna kafin a yi maganar magani.

Ɗaya daga cikin hanyoyin maganin ita ce dabarar haske: ana shafa wani sinadari, 5-ALA, a kan tabon, a jira 'yan awoyi ƙwayoyin da suka lalace su tsotse shi, sannan a haska musu jan haske. Hasken ne ke tayar da sinadarin ya kashe su, lafiyayyen nama kuma bai cika taɓuwa ba. Akwai zafi da kumburi na kwanaki, kuma tabon kan dawo, musamman ga wanda bai bar sigari ba. Shi ya sa likitan ya dage a riƙa komawa ana dubawa.