Sabbin alƙalan ƙwallon kwando suna ajiye usur, ya zan yi?

Mai tambaya, malamin wasanni a Kano:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ke kula da wasanni a wata sakandare, kuma mu da makarantun maƙwabta muna haɗa wasannin ƙwallon kwando don yaranmu su shirya wa gasar Milo. Damuwata alƙalan wasa. Manyan da suka san aikin ba ma iya biyansu kowane mako, shi ya sa muke miƙa usur ga samarin da suka gama makaranta, tsofaffin 'yan wasanmu. Suna ƙoƙari, amma wani ya busa tafiya da ƙwallo (laifin yin taku fiye da ƙa'ida da ƙwallo a hannu) inda babu, wani kuma a bangaje yaro a gabansa ya yi shiru. Kociyoyi su yi ta ihu, 'yan kallo su ɗauka. Yanzu biyu sun ce sun haƙura. In ci gaba da su ne, ko mu rage wasanni mu tara kuɗin manya?

Tsohon alƙalin wasa, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sallame su. In kowa ya jira manya, ranar da gwiwoyinmu suka ƙi, wa zai busa? Amma ina zargin sabo da sabo kake haɗawa a fili ɗaya. Nan ɓarnar take. Ka ɗauki babba guda ɗaya, ka haɗa shi da sabo, kuɗin mutum ɗaya ke nan.

Yawancin kuskuren sabon alƙali daga wurin tsayuwa yake. In alƙalai biyu ne, ɗaya yana gaba, a layin ƙarshe ƙarƙashin kwando, ɗaya yana biye da wasa daga baya, kowa da yankinsa. Yaron da jiya yake wasa idonsa ya saba bin ƙwallo, sai ka ga su biyun duk ƙwallo suke kallo, can gefe kuwa ana ta gwiwar hannu ba mai gani. Ku koya masa kallon mai tsaro. Idan ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa yana fuskantar mai ƙwallo, aka zo aka buge shi a ƙirji, laifin mai ƙwallo ne. Wanda bai ga ƙafafun ba kafin karon, canka kawai zai yi.

Maganar tafiya da ƙwallo kuma, FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta gyara dokar a 2017. Ɗan wasan da ya kama ƙwallo yana cikin gudu, ƙafar da ke ƙasa lokacin kamun ba a lissafa ta, sannan yana da taku biyu. Har yau akwai masu busawa da tsohuwar doka, har cikin manyan ma.

Koci, Kaduna:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni fa ba na yarda a fara ba yaro usur. Ya zauna a tebur tukuna: agogo, takardar maki, lissafin laifi. Ya san ɗan wasa na fita a laifi na 5, ya san da zarar ƙungiya ta cika laifi 4 a kwata ɗaya, na gaba jifa biyu ne daga layi, ya san ina kibiyar mallakar ƙwallo take nunawa. Rabin rigimar da nake gani a wasannin makarantu daga tebur take tashi. Sannan, Malam, don Allah kada ka sa yaro ya busa wa makarantar da ya gama. Ko ya yi adalci ba wanda zai yarda.

Malama mai horar da 'yan mata, Jos:
Ku yi haƙuri, duk kuna maganar gyara yaran, ba wanda ya taɓa kociyoyin. Waɗanda suka tafi ba don taku biyu suka tafi ba, zagi ya kore su. Saurayi ɗan shekara 20 ba zai iya ɗaga ido ya hukunta malamin da ya koyar da shi ba, tarbiyyarmu ba ta ba shi wannan ba. Kai ne za ka tsaya masa. Ka tara kociyoyi kafin a fara, a faɗa a gaban kowa cewa dokar tekinika, wato hukuncin rashin ɗa'a, za ta yi aiki: jifa ɗaya ga abokan hamayya, kocin da ya samu biyu saboda halinsa kuma ya bar fili. Kuma a biya su kuɗin mota ranar wasa, ba "sai wani mako" ba. Ku saka 'yan mata cikin masu koyo ma.

Ɗan uwa mazaunin Amurka:
A nan ma kukan ke nan. Hukumar NFHS mai tsara dokokin wasannin sakandare ta ce kusan alƙalai 50,000 na wasanni daban-daban sun bar aikin bayan kakar 2018-19, kuma halin iyaye da 'yan kallo na cikin manyan dalilai. Abin da zan ƙara: a kula da bidiyon da suke koyo da shi a YouTube. NBA, gasar ƙwararrun Amurka, kwata minti 12 ce, ɗan wasa kuma na fita a laifi na 6, sakandaren nan minti 8, ku kuwa dokar FIBA kuke bi, minti 10.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Baba, in an haɗa su, babban ya riƙa gyara masa a cikin wasa ne?

Tsohon alƙalin wasa, Zariya:
A'a, ba a gaban jama'a ba. In ya soke masa hukunci kowa na gani, ya kashe shi. A hutun rabin lokaci ya ja shi gefe, ya faɗa masa abu biyu, kada ya wuce haka. Ka sa wani ya ɗauki wasan da waya daga sama inda ake ganin fili duka, su zauna su duba inda ya tsaya lokacin da ya busa. Sannan ka je ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiha ka tambayi lokacin bitar alƙalai, ka kai sunayensu da kanka. Su biyun da suka tafi ka kira su wannan makon, ka fara da su a wasan ƙananan aji inda 'yan kallo ba su da yawa.